Tafiya Kudancin Amurka: tsaunukan Andis ko gaɓar Bahiya, ina ya fi cancanta mu nufa?

Mai Dankali (Mile 12)

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanya, domin wata tafiya ta taso mini wadda ban taɓa sa ta a lissafi ba. Babban yaron gidana yana karatu a wata jami'a a jihar Sao Paulo ta ƙasar Burazil, kuma da yardar Allah zai kammala a watan Yuli na baɗi. Ya matsa lallai ni da mahaifiyarsa mu halarci bikin, ya kuma ce tunda Allah ya kai mu wannan nahiya mai nisa, bai kamata mu juyo daga bakin ƙofar jami'a ba, gara mu ƙara mako biyu mu ga wani abu na ƙasar.

A nan ne ra'ayi ya rabu a gidana. Ni dai shekara 26 ke nan ina sana'ar dankalin Turawa, ina sauke shi daga Bokkos da Mangu zuwa wannan kasuwa, kuma tun ranar da yaron ya gaya mini cewa asalin wannan abinci ba na Turawa ba ne, daga tsaunukan Andis na Peru da Bolibiya ya fito, zuciyata ta kasa barin maganar. Ina so in tsaya da ƙafata a gonar da aka fara noma abin da na ci, na sha, na yi aure, na kuma biya kuɗin makaranta da shi. Uwargida kuwa ta ji wani malami a rediyo yana cewa akwai wani gari a gaɓar tekun Burazil da aka kai Hausawa bayi, har suka yi tawaye a cikin watan azumi, ita kuma can hankalinta ya tafi.

Aljihu ba zai ɗauki yawon nahiya duka ba, shi ya sa nake tambaya. Wanne ya fi cancanta ga mutumin da mai yiwuwa sau ɗaya zai je a rayuwarsa? Shekaruna 57, ina shan maganin hawan jini, uwargida kuma rukunin jininta AS ne, shin hawa waɗannan tsaunuka yana da haɗari gare mu? Yaya Musulmi yake yi da abinci da salla a can? Ina roƙon wanda ya taɓa zuwa, ko wanda ya karanci tarihin wurin, ya warware mini dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Zariya (Apapa)

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Kamfanin kifin da nake wa aiki ya taɓa tura ni Lima, babban birnin Peru, bayan na gama aikin kuma na ɗauki hutun kwana goma na hau tsaunukan har na tsallaka Bolibiya, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Abu na farko da ya kamata ka sa a ranka shi ne girman wurin. Tsaunukan Andis sun miƙe ne kimanin kilomita 7,000 daga arewa zuwa kudu, sun ratsa ƙasashe bakwai, kuma mafi tsayinsu, Aconcagua da ke Ajantina, ya kai mita 6,961. Mu da muka saba ɗaukar Jos a matsayin gari mai tudu da sanyi, sai mu tuna cewa tsayin Jos daga teku bai wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, alhali birnin Kusko, tsohuwar fadar daular Inka, yana kan mita 3,400. Machu Picchu, tsohon garin Inka da kowa yake gani a hoto, yana ƙasa da Kusko nesa, wajen mita 2,430, kusan daidai da ƙololuwar Chappal Waddi ta jihar Taraba, wadda babu tsaunin da ya fi ta a Najeriya. Daga Sao Paulo zuwa Lima tafiyar awa biyar ce a jirgi, daga Lima zuwa Kusko kuma awa ɗaya da rabi. Bizar Burazil ba ta shigar da mutum Peru, kowace ƙasa da tata, don haka a fara neman takardu da wuri. A Burazil harshen Fotugal ake yi, a Peru da Bolibiya kuma Sifaniyanci, amma harsunan biyu 'yan uwa ne, yaronka zai iya yi muku tafinta. Watan Yuli kuma lokaci ne mai kyau, domin rani ne a tsaunukan, rana tana da haske, dare kuma yana da sanyin da ya fi na hunturun Jos.

Game da dankali, gaskiya yaron ya faɗa maka. A yankin tafkin Titicaca, wanda Peru da Bolibiya suka raba, aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau ana da iri dubbai a tsaunukan. A kasuwar San Pedro ta Kusko na ga dankali baƙi, da ja, da shuɗi, da mai ruwan ɗorawa, da wani dogo mai lanƙwasa kamar yatsa, kowanne da sunansa da irin girkin da ya dace da shi. Kusa da garin Pisac akwai wani gandun da ƙauyukan yankin suka haɗu suka keɓe don adana iri sama da dubu, a Lima kuma akwai cibiyar binciken dankali ta duniya da aka kafa a 1971. Amma abin da na tabbata zai fi tsaya maka a rai shi ne abin da suke kira chuño. A watannin Yuni da Yuli sukan baza ƙananan dankali a fili cikin dare sanyi ya daskarar da shi, da rana su tattake shi da ƙafa ruwan ya fita, su bar shi ya bushe a rana, su maimaita haka na 'yan kwanaki, sai ya koma busasshe, marar nauyi, wanda zai shekara da shekaru a rumbu bai lalace ba. Lokacin da na gan shi, abin da ya zo mini shi ne buhunan da ke ruɓewa idan mota ta lalace tsakanin Lokoja da Ore. Mu ba mu da sanyin da zai yi mana wannan aiki, amma ganin yadda mutane suka mayar da wahalar ƙasarsu ta zama ma'ajiyar abinci ya ishi mai sana'a tunani.

Da wannan busasshen dankali da masara daular Inka ta ciyar da rundunoninta. Daga wajen 1438, zamanin sarki Pachacuti, ta faɗaɗa har ta kama daga kudancin Kolambiya ta yau zuwa tsakiyar Cile, ta shimfiɗa hanyoyi na kilomita 30,000 ko fiye, da rumbunan gwamnati a gefensu, da 'yan aike masu gudu da ke miƙa wa juna saƙo zango-zango. Ba su da doki, ba su da baƙin ƙarfe, ba su da rubutu irin namu, da igiyoyi masu ƙulle-ƙulle suke riƙe lissafin jama'a da na haraji, dabbar dakonsu kuma lama ce, 'yar uwar raƙumi marar tozo. Gonakinsu hawa-hawa ne a jikin dutse kamar matakala, irin waɗanda mutanen Sukur da Gwoza suke yi, sai dai nasu sun cika kwari guda. Ginin dutsensu kuwa sai an gani, domin sun sassaƙa duwatsun sun haɗa su ba tare da laka ko siminti ba, har reza ba ta shiga tsakaninsu, kuma a girgizar ƙasar 1950 cocin da Sifaniyawa suka ɗora a kan babban ɗakin bautar Inka ya rushe a wurare da dama, bangon Inka na ƙarƙashinsa bai motsa ba.

Abinci yana buƙatar lura. Naman alade yana da yawa, wani lokaci ma da kitsensa ake suya, akwai kuma wata ƙaramar dabba mai kama da gafiya da suke kira cuy wadda suke gasawa a bukukuwa. Ni kifi da ƙwai da dankali da miyar hatsin kinuwa na riƙe, ban kuma ji yunwa ba. A kula da abin sha mai suna chicha, domin akwai na masara mai tsami wanda burkutu ne sak, akwai kuma chicha morada, na jar masara da aka dafa da abarba da kirfa, wanda ba ya bugarwa, kamanninsa kamar zoɓo. Na yi sallar Juma'a a masallacin unguwar Magdalena del Mar a Lima, a kan tsaunuka kuwa a ɗakin masauki nake yin sallata ta matafiyi. Wasu masu yi wa baƙi jagora sukan gayyaci mutum wata hidimar baiko ga abin da suke kira uwar ƙasa, na ba su haƙuri cikin mutunci, ba wanda ya ɓata rai. Wani abin da ya faranta mini rai shi ne jin Larabci a bakinsu ba tare da sun sani ba, domin shugaban gari alcalde suke ce masa, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da alƙali namu, gadon zaman Musulmi a Andalus.

Ra'ayina, Alhaji, mai sana'ar dankali ya je Andis. Amma maganar lafiya ta fi ƙarfina, kuma ni kaina kwana biyun farko a Kusko ciwon kai da haki ne suka kwantar da ni.

Maman Amira (Idi-Araba)

Alhaji, barka da wannan farin ciki, a gaishe da Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma maganar jinin Hajiya ce ta sa na kasa wucewa ban sa baki ba.

Yayin da mutum yake hawa sama, iska tana yin sauƙi, numfashi ɗaya ba ya kai wa jini iskar oksijin kamar yadda yake kaiwa a nan bakin teku. A tsayin Kusko abin da huhu yake samu a kowane numfashi bai fi kashi biyu cikin uku na abin da muke samu a Legas ba. Daga wajen mita 2,500 ne jiki yake fara kokawa, da ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, kuma wannan ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Mafi yawan mutane sukan warware cikin kwana biyu ko uku, amma idan haki ya zo ana zaune, ko tari mai kumfa, ko tangaɗi da ruɗewa, to ruwa ne yake taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa take kumbura, maganinsa na farko kuma shi ne a sauko ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne.

Mu a nan mun saba cewa mai AS lafiyayye ne, sai wajen aure ake tuna da shi, kuma a zaman yau da kullum haka ne. Amma a wuri mai tsayi, inda oksijin ya ragu, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa irin na mai sikila, su toshe hanyoyin jinin saifa, sai ciwo mai tsanani ya tashi a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowane mai AS abin yake samu ba, amma sananne ne a wurin likitoci, kuma gaggawar hawa, da wahalar tafiya a ƙafa, da ƙarancin shan ruwa suna ƙara kawo shi. Da Hajiya yayata ce, ba zan so a sauke ta a Kusko ba, balle La Paz na Bolibiya, wanda filin jirginsa da ke El Alto ya haura mita 4,000. A kuma duba rukunin jinin yaron kafin a tsara komai, tunda mai yiwuwa ya gado daga gare ta.

Kai kuma, Alhaji, hawan jini ba ya hana tafiyar idan yana kwance da magani, sai dai tsayi yakan ɗaga shi a kwanakin farko. Ka ga likitanka wata biyu kafin tafiya, a auna zuciya, ka tambaye shi ko maganin acetazolamide da ake bai wa masu hawa tsauni ya dace da magungunan da kake sha. Ka riƙe na'urar awon jini, ka sa magungunanka a jakar hannu cikin kwalinsu na asali tare da takardar likita. Idan ya amince, kada ka kwana a Kusko daren farko, ka sauka kwarin Urubamba da ke ƙasa da shi ka yi kwana biyu tukuna. Kada kuma a manta da katin rigakafin zazzaɓin shawara.

Malamin Tarihi (Agege)

Ranka ya daɗe, Alhaji. Ɗan'uwa na Apapa ya yi bayani mai gamsarwa, ban kuma ƙi ko kalma ɗaya daga cikinsa ba, amma ni ina bayan Hajiya, kuma ba don maganar lafiya kaɗai ba. A Andis za ku ga tarihin wasu mutane, wanda ya cancanci a gani. A Bahiya kuwa namu tarihin ne yake kwance, wanda muka yi sakaci da shi har yaranmu suna gama sakandare ba su taɓa jin sa ba.

Garin da Hajiya ta ji shi ne Salvador, babban birnin jihar Bahiya, wanda ya kasance fadar mulkin Burazil daga 1549 zuwa 1763. Daga Sao Paulo awa biyu da rabi ne a jirgi, babu buƙatar wata biza. Idan aka ja layi daga Legas zuwa can a kan teku, kimanin kilomita 5,000 ne, ya ɗara nisan Jidda, kuma a farkon ƙarni na 19 wannan hanya ba ta rabuwa da jirage. Suna zuwa da tabar Bahiya, su koma da mutane. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, da rugujewar daular Oyo daga baya, sun samar da fursunoni masu yawa daga kowane ɓangare, ana sayar da su hannu zuwa hannu har su iso wannan gaɓa da muke zaune a kanta. Wajibi ne mu faɗi wannan yadda yake, domin ba Turawa ne suka je Katsina ko Zazzau suka kamo su ba.

Takardun hukumar Bahiya sun ambaci Hausawa da sunansu. A 1807 an bankaɗo wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a Salvador, an sake yin wani a 1809, a 1814 kuma suka kai hari wuraren kamun kifi da ke arewacin birnin. Babban tawayen shi ne na daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, a goman ƙarshe na Ramadan, wanda ake kira tawayen Male, daga kalmar Yarbanci imale, wato Musulmi. A nan zan ɗan gyara abin da aka ji a rediyo: mafi yawan waɗanda suka fito a wannan dare Yarbawa Musulmi ne, Hausawa suna cikinsu amma ba su ne masu rinjaye ba. Ɗaruruwan mutane ne suka fito da fararen riguna, aka gwabza a titunan birnin na 'yan sa'o'i, sojoji masu dawaki suka murƙushe su, aka kashe gommai. Abin da yake sa ni ƙwalla shi ne kayan da 'yan sanda suka kwashe a jikinsu da ɗakunansu, wato layu, da alluna, da tasbaha, da takardu masu ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci irin na makarantun allonmu. Mutum an raba shi da garinsu, an canza masa suna, yana dakon kaya a bakin tashar jirgin ruwa, amma yana tara 'yan uwansa a ɓoye yana biya musu karatu. Wasu daga cikin takardun nan suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya har yau.

Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Zugu a arewacin Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kai shi Pernambuco ta Burazil a shekarun 1840, ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York a 1847, aka kuma buga tarihin rayuwarsa a 1854. Shaidarsa tana cikin 'yan ƙalilan da muke da su daga bakin wanda ya ɗanɗani bautar Burazil da kansa, bautar da ba a soke ta ba sai a 1888.

Idan kun je, Hajiya za ta ga mata masu fararen kaya da ɗankwali suna suyar acarajé a bakin titi, wanda ƙosai ne da manja, sai dai suna tsaga shi su zuba jatan lande da yaji. Ku nemi wani abinci da har yau suke kira arroz de hauçá, ma'ana shinkafar Hausa, shinkafa ce da ake dafawa ta yi laushi kamar za a tuƙa tuwo, a ɗora mata soyayyen busasshen nama. Sunanmu ya shekara 200 a tukunyar mutanen. Tsohuwar unguwar birnin kuma ana kiranta Pelourinho, sunan turken da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Akwai cibiyar Musulunci a birnin inda ake sallar Juma'a.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ku fara ziyarar tun daga nan gida. Bayan 1835 hukuma ta kori 'yantattun 'yan Afirka da dama, wasu kuma suka dawo da kansu a shekarun da suka biyo baya, su ne Aguda na cikin Eko. Ku shiga Campos da titin Bamgbose, ku ga gidan ruwa na iyalan Da Rocha a titin Kakawa, ku yi salla a masallacin Shitta-Bey na titin Martins, wanda aka buɗe a 1894, kuma magini daga cikin waɗanda suka dawo daga Burazil ne ya jagoranci aikinsa. Ku yi hanzari, domin gine-ginen suna ƙarewa, kamar yadda aka rushe Ilojo Bar na dandalin Tinubu a 2016. Game da sana'arka kuma, Alhaji, ba dankali kaɗai wannan nahiya ta ba mu ba. Gyaɗar da muka gina dala da ita a Kano, da rogon da ake yin garin da ya riƙe Legas, da tumatir, da abarba, da kashu, duk daga can suka fito, rabin abin da ake saukewa a Mile 12 baƙo ne daga wancan ƙetaren.

Ɗan Canji (Obalende)

Baba, ni ban je ba, amma ina hulɗa da masu zuwa, ga kuma abu biyu da nake roƙon a kiyaye. Kada ku karɓi saƙon kowa, zuwa ko dawowa, ko da ɗan garinku ne ya haɗa ku da Allah, ko da takalmi ne ko gwangwanin man shafawa. Hanyar Sao Paulo zuwa Legas hanya ce da jami'an NDLEA suke sa wa ido sosai, kuma mutanen kirki sun shiga uku saboda kunyar cewa a'a. Ku ɗaure jakunkunanku da leda a filin jirgi, ku ɗauki hotonsu. Ganyen koka, wanda daga gare shi ake yin hodar ibilis, da ake sayarwa a fili a Peru da Bolibiya, har ana dafa shayinsa a masauki saboda ciwon tsauni, halal ne a dokarsu, amma laifi ne a shigo da shi nan, shan shayin ma yana iya fitowa a gwajin fitsari.

Na biyu, ku riƙi dala sababbi, domin a Peru 'yan canji suna ƙin takardar da ta yage ko ta tsufa. Ku raba kuɗin gida biyu, kada su zauna a aljihu ɗaya.

Ɗan Zariya (Apapa)

Malam, Allah ya ƙara ilimi, na ƙaru ƙwarai, ban taɓa jin labarin shinkafar nan ba. Sai dai ina ganin tarihin Andis bai yi nisa da namu kamar yadda aka ɗauka ba. A ranar 16 ga Nuwamba 1532 Francisco Pizarro na Sifaniya da mutum 168 suka kama sarkin Inka Atahualpa a Cajamarca, a daidai lokacin da daular ta fito daga yaƙin basasa tsakaninsa da ɗan'uwansa Huascar. Ya cika musu ɗaki da zinariya da azurfa a matsayin fansa, suka karɓa, suka kuma kashe shi a 1533. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosi a Bolibiya ta yau, sai Sifaniyawa suka ɗauki tsohon tsarin aikin gayya na Inka suka mayar da shi aikin tilas, kowane yanki ya ba da kasonsa na maza su shiga rami, zaibar da ake tace azurfar da ita kuma tana cin jikinsu. Kakana ya ba mu labarin diban gwamna, lokacin da aka riƙa kwasar mutane daga ƙauyuka zuwa haƙar kuza a Jos a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da na tsaya a gindin dutsen Potosi muryarsa na riƙa ji. An kai bayi 'yan Afirka can ma, jikokinsu suna nan a kwarin Yungas. Har yau miliyoyin mutane suna magana da harsunan Kecuwa da Aimara, kuma sai a 2006 Bolibiya ta sami shugaban ƙasa na farko daga cikin 'yan asalin ƙasar, Evo Morales.

Duk da haka, bayan abin da Maman Amira ta faɗa, na janye maganar Bolibiya gaba ɗaya, Potosi ma ya kai mita 4,000. Idan Alhaji zai hau, kwarin Urubamba da Pisac da Machu Picchu sun wadatar, kwana biyar sun isa. A sayi tikitin Machu Picchu tun daga nan ta intanet, domin ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana, Yuli kuma lokacin cunkoso ne.

Mai Dankali (Mile 12)

Jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa uwargida amsoshin nan duka jiya bayan sallar isha'i, da aka zo wajen alluna da layu sai da ta sa na maimaita mata.

Ga abin da muka tsayar. Bayan biki mu uku za mu wuce Salvador mu yi mako guda. Daga nan ita za ta koma Sao Paulo ta zauna wurin iyalan wani abokin karatun yaron, mutanen Kano ne da muka san iyayensu, ni kuma in je Peru na kwana biyar, idan likita ya amince kuma biza ta fito. Maman Amira, na kira yaron da safe, ya ce AA ne, amma na ce ya sake gwaji ya turo mini takardar in gani da idona. Na kuma karɓi ranar ganin likitana a farkon wata. Ɗan Canji, na ji, ko allura ba zan riƙo wa kowa ba.

Malam, shekara 26 ina Legas, na sha bi ta titin Martins wajen sayayya, ban taɓa sanin abin da ke bayan masallacin nan ba. Ranar Asabar mai zuwa kasuwa tana da sauƙi bayan azahar, za mu shiga Eko ni da uwargida da ƙananan yaran biyu. Idan kana da sarari, ina roƙon ka zo ka yi mana jagora, zan biyo ta Agege in ɗauke ka, mu yi la'asar a Shitta-Bey. Ɗan Zariya kuma, ina da sauran tambaya: shin ana barin baƙo ya shiga gonakin Pisac ya ga yadda suke zaɓen iri da adana shi, ko sai ta hannun wani ake nema tun kafin a je?